JERIN MALAM IN-DAI

Shafi na 23

Idan mutum ya ɗana tarko don kura, tarkon ya kama 'yar uwarsa, wa za a tuhuma? Kurar da ta ƙi bi ta wurin, ko hannun da ya ɗana? Ni dai na juya tambayar nan har na gaji ban samo mata amsa ba. Shi ma Malam In-Dai bai samo ba, ga shi kuwa shekara goma sha tara yana koyar da tattalin arziki a jami'a. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya buɗe baki a aji sai ya ce, "In dai sauran abubuwa na nan yadda suke..."

Safiyar Laraba, kafin ya wuce lacca, ya biya asibiti.

Na'ura shida ce a ɗakin wankin ƙoda. Biyar an lulluɓe su da fararen zannuwa. Ɗaya ce ke aiki, ita ma tana yi tana tari: ƙirr, ƙirr, tak. Ƙirr, ƙirr, tak.

Yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana zaune a benci a bakin ƙofa. Takalmanta na gefe. Ƙafafun sun kumbura har sun ƙi shiga.

"Yaya, ina kwana. Har an gama miki?"

"Tun ɗazu. Kai ne dai ka makara. Tun kana rarrafe kake makara."

Ta ja mayafi ta rufe hannunta har yatsu.

"Ƙafar nan fa?"

"Ƙafa ce, ta tsufa. Ni na tambaye ka labarin tumbinka?"

Ya yi murmushin dole, ya leƙa ciki. Wani tsohon tela ne kwance a jikin na'urar, idonsa a rufe. Kusa da shi 'yarsa ce zaune, ɗalibar Malam, wadda 'yan aji ke kira Ta-Gaba saboda ba ta taɓa zama a layi na biyu ba. Ta gaishe shi. Amma yau ba ta sunkuyar da kai ba, ido cikin ido ta kalle shi.

Injiniyan asibitin ya fito daga bayan na'urar, sukundireba a bayan kunne.

"Malam, zo ka saurara. Ka ji wannan tak ɗin?"

"Na ji."

"Famfo ne. Na cire na ta biyu na sa wa ta uku, na cire na ta uku na sa wa ta biyar. Yanzu babu sauran wadda zan yanka."

"Zai kai yaushe?"

"Mako uku, in an lallaɓa shi. Shi ya sa likita ya rage. Da mutum shida take ɗauka a yini, tun ranar Litinin huɗu."

"Amma kayan asibiti ba sa cikin takunkumi," in ji Malam. Ya san amsar, bakinsa ne kawai ya faɗa.

"Magani ba ya ciki. Famfo yana ciki. Lamba ta arba'in da ɗaya a jerin kayan da aka hana sayar mana: famfuna da matatai, kowane iri. Wanda ya rubuta, matatar man masu mulki yake hari. To shi mai jirgin ruwa bai san ƙoda ba, lamba ya sani. Banki ma da ya ga arba'in da ɗaya sai ya ajiye waya."

"'Yan fasa-ƙwauri fa?"

"Sun kawo biyu. Ɗaya jabu, ɗaya ya yi kwana biyu ya ƙone." Injiniya ya zaro wata takarda daga aljihu, duk ta sha mai. "Mun rubuta wa kwamitin ƙasashen da suka sa takunkumin. Ga amsarsu. Wai ba za su taɓa lambar ba sai masanin da ya tsara musu jerin ya sa hannu, da cikakken sunansa da shaidu biyu, cewa bai yi nufin kayan asibiti ba. Kuma bisa ƙa'idarsu sai sun buga sunan kowa ya gani."

Malam ya duba takardar, ya mayar masa.

"Wai ɗan ƙasar nan ne, ka ji. To wa zai fito? Ranar da sunansa ya bayyana, kafin azahar mota marar lamba ta zo ta ɗauke shi." Injiniya ya yi tsaki. "Ni da zan gan shi, wallahi ba zan dake shi ba. Kujera zan ba shi a nan, ya yini yana jin ƙarar nan."

Daga benci Yaya ta ce, "Injiniya, bar zagin wanda ba ka sani ba. Wataƙila shi ma da uwarsa."

Malam bai juya ya kalle ta ba. Ba zai iya ba.

Duk duniya ita kaɗai ta sani. Shekara bakwai ke nan, bayan da aka harbe ɗalibansa uku a ƙofar jami'a suna zanga-zanga, wasu mutane daga waje suka nemi masani na cikin gida da zai lissafa musu kayan da in an hana, masu mulki za su ji a jikinsu ba tare da an taɓa talaka ba. A teburin falon Yaya ya zauna kwana uku yana rubutawa. Ita ke dafa masa shayi, yana karanto mata, tana cewa Allah ya yi albarka. Ya yi lissafi tsaf: wata shida, za su durƙusa.

Shekara shida ke nan da sa takunkumin. Masu mulki sai ƙiba suke, domin hanyoyin fasa-ƙwaurin duk nasu ne.

*

Bai gama ajiye jaka a ofis ba aka ƙwanƙwasa.

Ta-Gaba ce. Ta shigo, ta mayar da ƙofa ta rufe.

"Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Malam, aikin da ka ba mu ne na kawo."

"Sai Juma'a ai."

"Na gama."

Ta ajiye takardu biyu a kan teburin, gefe da gefe. Ta farko jerin takunkumin ne, wanda ya ce kowane ɗalibi ya nemo ya yi sharhi. Ta biyu ta tsufa, ta yi ja. Ya gane ta tun kafin ya karanta.

"A ina kika samo wannan?"

"A akwatin yayana. Ka koyar da shi. Takardar laccarka ce, shekara guda kafin a sa takunkumi."

"To?"

"Malam, kai kaɗai ke raba kaya gida uku: kayan mai mulki, kayan ɗan kasuwa, kayan talaka. Na duba littattafan laburare, babu mai yin haka. Jerin nan ma gida uku ne. Kaya hamsin da biyu a nan, hamsin da biyu a nan. Abin da ke na ɗaya a nan shi ne na ɗaya a can." Ta ɗora yatsa. "Ga arba'in da ɗaya. Famfuna da matatai. Ka sa su a kayan mai mulki."

Ya kau da kai daga takardun.

"Kowa na iya kwafar takardar lacca."

"Haka na ce wa kaina. Kwana biyar ina faɗa wa kaina haka. Ka ce mini kwafa aka yi, Malam, in tashi in tafi."

Fankar sama na juyawa. A waje wasu ɗalibai na ƙyalƙyala dariya.

Bai ce ba.

Ta sauke numfashi. Da alama ta so ya musa.

"Yayan nawa," ta ce, "yana cikin ukun da aka harbe."

Ya ɗago da sauri.

"Don haka kada ka ce ban san dalilinka ba. Na sani. Da a lokacin ka tambaye ni, da ni zan riƙe maka takardar. Amma Malam, kowa ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta."

Ta zaro ta uku. Fom ɗin kwamitin ne, wanda suke so masanin ya sa wa hannu. Ta riga ta cike komai da hannunta, layin suna da na sa hannu kawai ta bari.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tura mata abinta da ɗan yatsa.

"Ba zan sa ba."

"Malam..."

"Tsaya ki ji. Kwamitin nan sau ɗaya yake zama a wata uku. In sun zauna sun yarda, sai banki ya yarda. In banki ya yarda, sai jirgi ya taso. Famfon nan mako uku ya rage masa. Ki haɗa da kanki. Ni a ɗauke ni, famfo bai zo ba. An yi ba a yi ba ke nan. Kuma in babu ni wa zai riƙa kula da Yaya a asibiti? Lissafin bai fita ba."

"Lissafi kuma, Malam?"

"Shi na iya."

"Wancan ma ai ya fita. Wata shida."

Kamar ta watsa masa ruwan zafi.

"Za ki kai ni ne?" ya tambaya a hankali.

"Da zan kai ka da ban hawo bene ba. Dogo na ƙasa yana shan iska."

Dogo ɗan ajinsu ne. Shekararsa tara a jami'a bai gama ba, ba a kuma kore shi ba. Kowa ya san wanda yake yi wa aiki, kowa ya san abin da ya sa wayarsa ba ta mutuwa.

Ta tattara takardunta. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Baba ya ce in gaishe ka. Wai rigar da kake sawa ta yi maka yawa a kafaɗa, in ya tashi ka kawo ya rage maka."

Ta fita.

*

Ƙarfe goma sha biyu ya shiga aji da gwangwaninsa.

Duk wanda ya taɓa zama ajin Malam In-Dai ya san gwangwanin nan. Marafan kwalba ne a ciki. Kowace shekara in an zo darasin takunkumi sai ya mai da kowane layi ƙasa guda, ya raba musu marafai: ja mai ne, kore abinci, fari magani. Su yi ta musaya. Can sai ya buga tebur ya ce an sa wa layin baya takunkumi, kada wanda ya ƙara miƙa musu komai. Darasin da ɗalibai suka fi so ke nan, don ana shan dariya.

Yau ma an sha. Monita, shugaban aji, ya kama wani yana tura wa layin baya marfi a cikin takalmi.

"Malam, ga ɗan fasa-ƙwauri!"

"Ni? Taimakon jinƙai ne!"

"Jinƙan da ka karɓi kore uku a kan fari ɗaya?"

Aji ya kwashe da dariya. Malam bai yi ba. Bakinsa dai na aiki shi kaɗai, kamar rediyo.

"Kun gani. In dai sauran abubuwa na nan yadda suke, in kaya ya yi ƙaranci, farashi ya hau. Mai hanya ya samu, marar hanya ya rasa." Ya nuna layin baya. "Ku nawa ne?"

"Shida," in ji Dogo, yana miƙe da ƙafafu a kan kujerar gabansa.

"Fararen marafai nawa suka rage muku?"

"Huɗu."

Sai da lambar ta fita sannan Malam ya ji ta. Shida. Huɗu. Ya dafa tebur.

Tambayar da ke biye ya yi ta sau goma sha tara, ya san amsar da ake bayarwa. Ya daure ya yi ta.

"To wa zai fara rasawa?"

"Talaka!" aji ya amsa baki ɗaya.

"Ba haka ba ne."

Ta-Gaba ce. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kuma miƙe ba.

Monita ya ce, "Ke kuma, a takardar Malam fa yake."

"Na san yana ciki. Ni abin da na gani nake faɗa." Ta dubi Malam. "Akwai inda aka ce mutum huɗu za a ɗauka cikin shida. Aka rubuta sunaye. Babana ba ya ciki, don tela ne, ba shi da kowa. Akwai wata tana ciki, don ƙaninta babban mutum ne. Da layinta ya zo, sai ta kira nas ta ce a sa tsohon nan a madadinta."

"Sau ɗaya ai ba komai," wani ya ce daga tsakiya.

"Sau biyu. Litinin da yau."

Ajin ya ɗan lafa.

Malam ya tuna abin da ya gani da safe. Takalma a gefen benci. Ƙafafun da suka ƙi shiga. Mayafin da aka ja har yatsu. Shekara biyu yana biya mata wajen wanki, bai taɓa ganin ta fito babu filasta a hannu ba, kullum sai ta nuna masa tana mita wai nas ɗin nan hannunta kamar na mahauci. Yau ba ta nuna ba. Shi kuwa bai tambaya ba.

Wanki biyu. Likita ya taɓa gaya masa abin da ke faruwa ga wanda ya tsallake uku.

Malam ya dubi Ta-Gaba. "Me ya sa ta yi haka?"

"Na tambaye ta. Ta sa na rantse ba zan ambaci sunanta ba, ban kuwa ambata ba."

"Me ta ce?"

"Ta ce ita ta dafa shayin."

Wasu suka fashe da dariya.

"Shayi kuma?"

"Tsohuwa ta fara ruɗewa, Allah sarki."

Malam ya tsaya da alli a hannu. Yana jin dariyar kamar daga cikin rijiya. Shi da ya yi rubutun ya zauna ya yi lissafi, ya ga bai kamata ya biya ba. Ita da ruwan zafi kawai ta zuba a kofi, ba ta rubuta ko lamba ɗaya a jerin ba, ta yanke wa kanta hukunci ba tare da ta nemi shawarar kowa ba. Kuma ya san Yaya. In ya je ya durƙusa ya yi kuka, za ta zage shi ta ce ya tashi, ranar Juma'a kuma ta sake kiran nas.

Ya sake haɗa lissafin, don ba shi da wani abin haɗawa. Wata uku. Mako uku. Bai fita ba. Ko ya juya shi ta ina, bai fita ba. Gaba kura, baya siyaki.

Allin ya karye a hannunsa.

Ya juya ga allo, ya rubuta da guntun: 41.

"Wa ya san wannan?"

"Famfuna da matatai," in ji Monita. "Yana cikin aikin da ka ba mu."

"A wane gida aka sa su?"

"Kayan mai mulki."

"Daidai ne?"

Monita ya sosa ƙeya. "To... in dai sauran abubuwa na nan yadda suke..."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri, don sun ga fuskar Malam.

"Ba sa nan," ya ce. "Ba su taɓa zama yadda suke ba. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa shiga matatar mai ba, bai taɓa buɗe cikin na'urar asibiti ba. Littafin lambobin kaya ya buɗe a kan tebur, ya ga famfo, ya ce wannan na manya ne. Bai san abin da ke tura mai a bututu, da abin da ke tura jini a jikin tsohuwa, lambarsu ɗaya ba."



"Malam," Monita ya ce ƙasa-ƙasa, yana satar kallon layin baya, "lokaci fa ya yi. Mu tashi haka."

"Zauna."

Ya miƙa hannu wajen Ta-Gaba.

"Ba ni."

Sai a lokacin idonta ya kawo ruwa. Ta riƙe jakarta gam.

"Malam, ba a nan ba. Don Allah. Mu koma ofis."

"Shaidu biyu suka ce. A ofis ke kaɗai ce. Ba ni."

Ta zaro fom ɗin. Ya karɓa, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Shekara shida ina koya muku jerin nan kamar daga sama ya faɗo. Ba daga sama ya faɗo ba. Ni na rubuta shi."

Wata ɗaliba ta ce, "Innalillahi," ta toshe baki. Wani marfin kwalba ya faɗo daga tebur, ya gangara, ya yi ta juyi a siminti har ya kwanta.

Daga layin baya kujera ta yi ƙara. Dogo ya sauke ƙafafunsa. Ya ɗora wayarsa a kan tebur, fuskarta a sama, tana haske.

"Malam, gafarta," ya ce cikin ladabi. "Mu 'yan takunkumi nan baya ba ma ji sosai. A ɗan maimaita."

Ta-Gaba ta miƙe. "Dogo, ka ji tsoron Allah!"

"Ni me na yi? Karatu na zo."

Malam ya dubi ƙofa. Taku biyar ce daga inda yake, a buɗe take. Ya dubi wayar.

Ya bi ta tsakanin layuka, ɗalibai na janye ƙafafu suna ba shi hanya, har ya isa layin baya. Ya share fararen marafai huɗun gefe, ya shimfiɗa fom ɗin a kan teburin Dogo, dab da wayar.

"Na ce ni na rubuta."

Daga cikin wayar wata murya ta fito, a natse, kamar mai odar shayi.

"Kada ka bari ya fita."

Malam ya laluba aljihun rigarsa, babu komai. Ya miƙa wa Dogo tafin hannu.

"Ara mini biro."

Dogo ya dube shi, ya dubi wayar. Ya zaro biron daga aljihu ya ba shi.

Malam ya cire marfin, ya sunkuya, ya rubuta sunansa cikakke, har da na mahaifinsa, sannan ya sa hannu.